Littafin aikina: ƙwaƙwalwar tumaki a zafin Yamai

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Malamina ya ce in riƙa rubuta komai a ranarsa, har da abin da ya lalace, to ga shi na fara. Kafin in shiga lissafin kwalabe bari in ajiye dalilin da ya sa na ɗauko wannan aiki, domin ranar da gajiya ta kama ni in dawo in karanta.

Bara da rani tumakin kawuna 9 suka mutu cikin kwana biyu, a ƙauyenmu da ke wajen Galmi, jihar Tawa. Sun yi kiwo a bakin garakan albasa, suka dawo da la'asar miyau na dalala, jiki na karkarwa, ga gudawa, ga numfashi sama-sama. Duk wanda ya gani ya ce maganin feshi ne. Mai garkar kuma ya rantse bai yi feshi ba a satin. Aka cire kan tunkiya ɗaya aka ƙunsa a buhu aka ba direba. Ya kwana a tasha, ya bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, bai iso hannun masu aunawa a Yamai ba sai rana ta uku. Suka buɗe buhu suka rufe, suka ce ya ruɓe, babu abin aunawa. Kawu ya haƙura da asara, amma tsakaninsa da maƙwabcin nan har yau gaisuwa ce kawai, alhali tare suka tashi tun suna yara.

Abin da ake aunawa in ana zargin irin wannan guba wani anzim ne mai suna asetilkolinestaras, zan riƙa gajarta shi in ce kolinestaras. Anzim furotin ne da ke gaggauta wani aiki a cikin jiki. Shi wannan, in jijiya ta aika saƙo da sinadarin asetilkolin, shi ke bin baya ya farfasa sinadarin nan take, dubbai cikin daƙiƙa guda, don saƙon ya tsaya. Magungunan ƙwari na dangin organofosfat, irin su kulorpirifos da fenitrotiyon da dikulorbos ɗin da muke kira piya-piya, da na dangin karbamat irin su karbofuran, manne wa anzim ɗin suke yi su toshe shi. Saƙo ya ƙi tsayawa, sai miyau da karkarwa, daga ƙarshe numfashi ya gagara. Shi ya sa in aka auna ƙwaƙwalwar mushe aka tarar ƙarfin anzim ɗin bai kai rabin na dabba mai lafiya ba, ana ɗaukarsa hujja mai ƙarfi. Amma fa sai in ba zafin hanya da ruɓa ne suka kayar da shi ba. Tambayata ke nan: a zafinmu na bazara, awa nawa ko kwana nawa anzim ɗin ke riƙe ƙarfinsa bayan dabba ta mutu, kuma wace ajiya ce mai sauƙi da makiyayi ko malamin dabbobi na ƙauye zai iya yi?

Zan gwada ajiya biyar: inuwar baranda, randa, kula mai ƙanƙara, firigo mai digiri 4, da firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Kuɗin da ke hannuna jaka 180, har da abin da yayata ta aiko.

Laraba, 9 ga Afrilu

Bayan sallar asuba na je wurin mahauta. Wani dattijo aka haɗa ni da shi, mutumin Adar ne shi ma, da ya ji harshena ya ce, "Ɗiyata, ke ta ina ce?" Muka yi ta lissafin garuruwa har muka iske dangi. Na faɗa masa kai nake so, amma kafin a yi babbaka. Ya dube ni ya ce, "Kai ba babbaka, wa zai ci?" Na ce, "Baba, ba ci zan yi ba, wutar babbaka tana dafa gefen ƙwaƙwalwar, abin da nake nema ya mutu." Ya ce to, in zo kafin ƙarfe shida, in na wuce haka yara sun riga sun kai kawunan wuta.

Abu guda ya yi mini daɗi. Da yake yanka ake yi a wuya, ba a bugun dabba a ka, ƙwaƙwalwar tana fitowa lafiya lau. Na tsaya na ga yadda yake fasa ƙoƙo: sara biyu a gefe, ɗaya a goshi, ya sa bakin wuƙa ya ɗaga ƙashin kamar murfin tukunya. Na roƙe shi ya riƙa faɗa mini lokacin da aka yanka kowace dabba, domin daga nan agogona ke fara tafiya. Kai ɗaya jaka 2, taksi zuwa da dawowa dala ɗari da ashirin.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Haɗa ruwaye kawai. Ruwan tampo na fosfat mai pH 8 (tampo ruwa ne da ke hana pH, wato ma'aunin tsami, canzawa), da DTNB, sinadarin da ke fito da launi a awo, da asetiltiyokolin, ɗan'uwan asetilkolin da ake ba anzim ya farfasa. Kwalbar DTNB na naɗe ta da takardar alminiyom don haske na ɓata shi. Safar hannu, ledoji masu zif, ma'aunin zafi biyu da kula: jaka 31.

Litinin, 14 ga Afrilu

Awo na farko. Hanyar da nake bi ita ce wadda George Ellman da abokan aikinsa suka wallafa a 1961, kuma har yau ita ce aka fi amfani da ita. Ana niƙa ƙwaƙwalwa cikin tampo mai sanyi, miligram 20 a kowane mililita, a zuba kaɗan a ƴar kwalbar awo tare da DTNB, sannan a ɗiga asetiltiyokolin. Anzim ya farfasa shi, tiyokolin ya fito, ya haɗu da DTNB, ruwan ya fara yin rawaya. Na'urar auna launi, wadda mu ɗalibai ke kira sipektoro, tana karanta rawayar a nanomita 412. Saurin hawan launin shi ne ƙarfin anzim.

Na san duk wannan a takarda tun aji uku, amma ganin ruwa fari tas yana juyewa kamar an jiƙa ɗorawa a cikinsa, daga ƙwaƙwalwar tunkiyar da ke tsaye da asubahin yau, ya sa na yi shiru na ɗan lokaci.

Matsala ɗaya: samfurin farko ya fara da lamba mai yawa tun kafin in ɗiga komai. Mai kula da ɗakin gwaji ya leƙo ya ce, "Malama, kin wanke jinin kuwa?" Ban wanke sosai ba. Jan jini yana shan haske kusa da inda nake karantawa. Daga yau kowace ƙwaƙwalwa sai na ɗauraye ta da ruwan gishiri mai sanyi, na ɓare siririyar fatar da ke kanta mai jijiyoyin jini. Na kuma ƙara kwalbar shaida wadda ba ƙwaƙwalwa a ciki, domin asetiltiyokolin yana ɗan farfashewa da kansa a pH 8, dole a cire wannan daga lissafi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Na yanka ƙwaƙwalwa ɗaya gunduwa-gunduwa ranar Talata, na raba su wuraren ajiya. Da na auna ta baranda bayan awa 48, sai ƙarfinta ya zarce na ranar farko. Naman da ya kwana biyu a zafi, har ya fara wari, ba zai ƙera sabon anzim ba. Akwai inda na kauce.

Na kai wa malamina lambobin. Bai ce komai ba sai da ya sa na zana masa ƙwaƙwalwar a takarda, na nuna inda na yanko kowace gunduwa. Ta ranar farko daga bayan ƙwaƙwalwa ce, wato ɓawon nan mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ta awa 48 kuwa daga can ciki ce, kusa da wani dunƙule mai ruwan toka da ake kira kodat. Ya sa alƙalami a wurin ya ce, "To ai ga shi." Kolinestaras ba daidai yake a ko'ina ba. A kodat da maƙwabtansa ya ninka na ɓawo sau da yawa. Ashe ba lokaci nake aunawa ba, wurare daban-daban nake kwatantawa.

Da na dawo na ci gaba da tono, na iske wasu ramuka biyu. Na ɗaya, awon ranar farko da safe na yi shi, ɗaki na digiri 30, na biyun kuwa da azahar, kilim mai sanyaya ɗaki ya tsaya, ɗaki na digiri 36. Anzim yana ƙara sauri in ruwan ya ɗumama. Na gwada niƙa ɗaya da safe da kuma rana don in tabbatar, ta rana ta fi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na biyu, gunduwar baranda a faranti na bar ta, na rufe da gyale kawai don ƙuda, iskar bazara ta tsotse ruwanta. Giram ɗaya na busasshen nama ya fi giram ɗaya na ɗanye yawan furotin, don haka lissafi bisa nauyi ya ruɗe ni.

Kuskure uku a awo ɗaya, kuma duka ukun sun tura lamba sama. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da a ce tunkiyar kawu ce nake aunawa haka, da na ce masa ba guba ba ce.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na sake tsarin daga tushe. Kowace ƙwaƙwalwa zan tsaga ta biyu daidai tsakiya, daga goshi zuwa ƙeya. Rabin hagu a niƙe shi gaba ɗaya a auna nan take, rabin dama a auna nauyinsa, a rufe a leda mai zif, a kai ajiya, in lokaci ya yi a niƙe shi gaba ɗaya shi ma. Ta haka kowace dabba ita ce shaidar kanta. Zan sa Triton X-100 kaɗan a tampon niƙa, don mafi yawan anzim ɗin a manne yake da fatar ƙwayoyin jijiya, sai da wannan sabulu yake sakuwa duka. Awo kuma duk a digiri 37 zan yi, domin a Yamai ɗumama ruwa ya fi sanyaya shi sauƙi. Wannan ya sa lambar da nake raba sakamako da ita ta koma 13,800, wadda ta dace da digiri 37, a maimakon 14,150 ta digiri 25.

Tsadar tsarin ita ce kai ɗaya amsa ɗaya yake bayarwa. Ajiya 5, lokuta 3, maimaici 3, kai 45 ke nan, jaka 90. Na koma wurin Baba na faɗa masa gaskiyar aljihuna. Ya yi ɗan tunani ya ce, "Ƙwaƙwalwar kike so ko kan?" Muka shirya zai fasa, in ɗauki ƙwaƙwalwa, ya riƙe kai da harshe ya sayar wa masu dafawa, in ba shi dala ɗari da hamsin kan kowace. Allah ya saka masa da alheri.

Talata, 22 ga Afrilu

Na sayo randa biyu irin na garin Bubon a kasuwar Katako, babba da ƙarama, jaka 4 da rabi. Ƙaramar a cikin babbar, yashi a tsakaninsu, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhun algarara. Dabarar nan ce wani malami ɗan jihar Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don ajiyar kayan lambu har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ruwa na tsattsafowa ta jikin randar waje yana bushewa, yana tafiya da zafi. Da ƙarfe uku na rana baranda 43, cikin randa 28. Ba firigo ba ce, amma tazarar digiri 15 babban abu ce ga nama, tunda a ƙa'ida ayyukan ruɓa kusan ninkawa suke yi duk ƙarin digiri 10. Kuma babu gidan da ba randa a ƙauyenmu.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Hutun ranar haɗin kan ƙasa. Na shiga na jiƙa yashi, na sauya ƙanƙarar kula, na fito. Ƙanƙara ta koma dala ashirin ƙulli ɗaya.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ƙwaƙwalwa 6 yau, na yi amfani da 5. Da na tsaga ta shida wuƙa ta ci karo da wata jaka mai ruwa garau, girman ƙwan zabo, a jikinta ta ciki ga wasu fararen ɗigo-ɗigo a tattare kamar tsabar riɗi. Naman da ke kewaye da ita ya matse ya yi siriri. Ƙwan tsutsar cikin kare ne tunkiya ke haɗiya a kiwo, ya haura ƙwaƙwalwa ya zama wannan jaka, shi ke sa dabba ta riƙa juyi wuri ɗaya. Rabi biyun ba su zama daidai ba, don haka na cire ta daga lissafi. Na ɗauki hoto na nuna wa Baba, na roƙe shi in sun ga irinta kada a jefa wa karnuka, domin ta nan tsutsar ke komawa gida. Ya ce sun sha gani, yara ne ke wurgarwa bayan katanga.

Juma'a, 2 ga Mayu

Awon awa 24 da na 48 na zagaye na biyu. Rabin hagu da na dama, in duka sabbi ne, bambancinsu bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba a hannuna. Duk canjin da bai wuce wannan ba, ba zan kira shi canji ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Ranar da ta fi kowace nauyi tun da na fara.

Na shigo da safe na iske ruwa ja-ja ya bushe a ƙasan firiza, ya yi layi har bakin ƙofa. Na buɗe, komai a daskare yake kamar dutse, fitila kore tana ci. Amma ledojin sun canza siffa. Rabin ƙwaƙwalwar da na ajiye da lanƙwasarsa ya baje ya ɗauki siffar kwandon da yake ciki, ga jan ruwa ya taru ya daskare a kusurwar leda. Mai gadi ya ce kuran ya ɗauke tun daren Asabar, gurup, wato injin wuta, ya yi aiki har mai ya ƙare, wuta ba ta dawo ba sai yammacin Lahadi. Awa nawa samfuran suka yi a narke, kuma zafin ciki ya kai nawa, babu mai iya faɗa mini.

Rabi 9 ne a ciki, duk rukunin firiza, da ragowar niƙa da na ajiye don maimaici. Na zauna a kujera na yi kuka, ba na jin kunyar rubuta shi. Asuba tara ce ta tafi, da kuɗin taksi, da wahalar Baba.

Narkewa da sake daskarewa ba ƙaramin abu ba ne ga nama mai laushi irin wannan. Ƙanƙara in ta fito a hankali manyan allurai take yi, ta huda ƙwayoyin halitta. Akwai wasu ƴan jakunkuna a cikin kowace ƙwaya da ke ɗauke da anzim masu cin furotin, in suka fashe sai su faɗa wa na kusa da su da zarar an samu ɗumi. Niƙan da ke cikin tampo kuwa matsalarsa biyu ce, domin fosfat na sodiyom in yana daskarewa pH ɗinsa faɗuwa yake yi. Wannan ban yi la'akari da shi ba da na ajiye su.

Na so in auna su in sa a lissafi kamar ba abin da ya faru, tunda a ido a daskare na same su. Tunanin ya zo mini, kuma ya daɗe bai tafi ba. Da la'asar na ɗauki jan alƙalami na rubuta wa kowace leda "ta narke".

Laraba, 7 ga Mayu

Malamina ya ce kada in zubar. Abin da ya same ni shi ke samun duk samfurin da aka aiko daga Tawa ko Maraɗi ko Damagaram: a daskarar a gidan wani, ya narke a mota, a sake daskararwa a nan. Don haka sun zama rukuni na shida, rukunin hanya, sai dai zan rubuta a fili cewa ba a san tsawon narkewarsu ba.

Mai kula da ɗakin gwaji ya koya mini dabara. A daskarar da ruwa a kofi, a ɗora kwabon dala biyar a kai, a bar shi a firiza. In aka zo aka iske kwabon a ƙasan kofi, an narke. Na kuma cika gorunan roba 8 da ruwa na jera su kewaye da samfura, don su riƙe sanyi in wuta ta tafi. Mai gadi na da lambar wayata yanzu, ko tsakar dare ne ya kira. Sabbin ƙwaƙwalwa 9 da taksi: jaka 11. Abin da ya rage a hannuna jaka 74.

Asabar, 10 ga Mayu

Sabon rukunin firiza ya shiga. Kwabo na sama.

Laraba, 14 ga Mayu

Yau na auna na baranda masu awa 72, da takunkumi biyu a fuska. Abin da ke cikin leda ya zama kunu mai ruwan toka, leda ta kumbura da iska. Da na zuba shi kan DTNB, ruwan ya yi rawaya tun ban ɗiga asetiltiyokolin ba. Wannan rawayar ba ta anzim ba ce. Ruɓaɓɓen nama yana sakin sinadarai masu kibrit, irin masu warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma DTNB da su yake haɗuwa kamar yadda yake haɗuwa da tiyokolin. Sai na jira minti biyar launin ya tsaya, sannan na fara awo na gaske. Wanda bai jira ba, zai ga anzim inda babu shi.

Yanzu hoton ya fara fitowa, ko da yake dabba uku-uku ne kawai a kowane rukuni, ba zan ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Na firigo da na kula, har kwana uku ban ga bambancin da ya wuce kuskuren hannuna ba. Na randa sun riƙe sosai har awa 48, a awa 72 suka fara sauka. Na baranda su ne suka ba ni mamaki: a awa 24 hanci ya riga ya ce nama ya tafi, amma mafi yawan anzim ɗin na nan. A awa 48 ya sauka a fili, a awa 72 kuma lambobin sun watse, kowace dabba da tata. Na rukunin hanya sun ɗan sauka, ba kamar yadda na ji tsoro ba, sai dai sun fi na firigo warwatsewa.

Kolinestaras mai taurin rai ne, haka aka san shi. Makamashin ƙwaƙwalwa cikin mintuna yake ƙarewa in jini ya tsaya, wasu anzim ɗin kuma tun halin da dabba ta shiga kafin ta cika yake taɓa su, amma shi yana daɗewa. Ma'anar wannan a wurina ita ce wari kaɗai bai isa a mayar da samfur ba. Kan tunkiyar kawu da ya yi kwana uku a buhu, mai yiwuwa ya riga ya wuce. Da ya yi kwanakin nan a kula mai ƙanƙarar dala ɗari biyu, da an samu abin faɗa masa.

Litinin, 19 ga Mayu

Hadari ya taso jiya da jar ƙura, aka yi yayyafi. Yau iska ta yi nauyi, randa ta hau 32 alhali baranda 39. In iska na da laima ruwa ba ya bushewa da sauri, sanyin randa ya ragu. Sakamakon randa na bazara ne kawai, da damina sai an sake. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe a gefen jadawali.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na kira kawu bayan sallar Juma'a na ba shi labari. Ya saurara har na gama, ya ce, "To ɗiyata, in ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, mi za mu yi?" Na ce a cire kan da wuri, kada a fasa, kada a kai shi wuta, a ɗaure a leda biyu, a sa a ƙanƙara, in babu a sa a randa a inuwa, a rubuta lokacin da dabbar ta mutu. Kuma a turo da kwalbar maganin da ake zargi, ko hotonta. Ya ce kwalbar ce mai wuya, don yawanci a kasuwa ake aunowa a gorar lemo, ba suna ba takarda.

Maganarsa ta taɓo abin da ke damuna tun makon jiya. Duk awon da na yi a kan dabbobi masu lafiya ne. Anzim ɗin da guba ta toshe halinsa daban ne a ajiya. Organofosfat riƙo mai ƙarfi yake yi, wasu ma in an jima riƙon ya zama na har abada. Karbamat kuwa saki yake yi da kansa cikin awoyi, kuma ɗumi da tsarma samfur da ruwa suna gaggauta sakin. Wato tunkiyar da karbofuran ya kashe, in kanta ya yini a zafi, anzim ɗin na iya farfaɗowa, a auna a ga kamar lafiyarta ƙalau. A nan zafi ba rage lamba zai yi ba, ɗaga ta zai yi, ya wanke mai laifi. Randar da nake murna da ita, digiri 28 ɗinta na iya isa wannan ya faru. Ba zan ba kowa shawarar randa a rubuce ba sai na gwada.

Laraba, 28 ga Mayu

Awon firiza na kwana 14 ya fito daidai da na ranar farko, in an narkar a hankali cikin firigo sau ɗaya. Kwabo bai motsa ba, ko da yake kuran ya ɗauke sau huɗu a makon.

Layya ta matso, raguna sun cika kasuwar Turaku da bakin tituna, mahauta sun rage yankan yau da kullum. Baba ya ce in haƙura sai bayan salla, amma ranar salla in zo gidansa da kulata, zai tara mini na maƙwabta kafin a kai su wuta. Jaka 41 ta rage.

Zagaye na gaba ba dabbar da za a ba guba. Niƙan ƙwaƙwalwa zan raba kwalabe, in ɗiga wa wasu organofosfat, wasu karbamat, har ƙarfinsu ya faɗi ƙasa da rabi, sannan in kai su baranda da randa da kula da firiza, in riƙa aunawa a awa 2, 6, 24 da 48. Malamina ya rubuta takardar neman magungunan biyu tsantsa, da piralidoksim, maganin da ke ɓamɓare organofosfat daga jikin anzim, don in ƙarfin ya dawo bayan an ɗiga shi an san wane dangi ne. Akwai kuma gwajin kai sukutum, ba a fasa ba, tunda haka za a riƙa aiko shi daga ƙauye, kuma ƙoƙo da fata na iya riƙe ɗumin jiki su hana ƙanƙara isa ciki da wuri. Wannan zai buƙaci ma'aunin zafi mai dogon tsinke da zan soka ta ramin ƙeya. Na gan shi a wani shago kusa da babbar kasuwa, jaka 9. Gobe in Allah ya kai mu zan je in taya.